Badaru Zai Taka

Alhamis, 2 ga Oktoba, bayan La'asar

Tun da aka sallamo mu daga asibiti a Katsina, sai yanzu na samu na zauna. An kwantar da mijina, Baban Mufida, a ɗakin Inna, mahaifiyarsa, don ya fi kusa da zaure, masu dubiya ba sai sun ratsa tsakar gida ba. Daga ƙirjinsa zuwa ƙasa ba ya jin komai. Hannuwansa lafiya lau. Bakinsa ma haka, duk wanda ya shigo da jajayen idanu sai ya sa shi dariya kafin ya fita.

Ba na son rubuta hatsarin da ya faru a Magama, can bakin iyaka. Kowa a Jibiya yana da nasa labarin motar da buhunan, waɗanda ba sa wurin ma sun fi kowa sani.

Ɗazu Yaya Lawwali, wan mijina, ya shigo da wani ƙaton ƙyalle a naɗe. Da ya warware, sai ga hoton mijina, wanda ya ɗauka da Sallah a jikin motarsa. A ƙasa an rubuta da ja: BADARU ZAI TAKA. Ni da ban taɓa kiran sunan nan a gaban mutane ba, ga shi za a rataye shi a bakin tasha. Yaya ya ce ƙungiyar direbobi ta buɗe asusun taimako. Ya ce an haɗa shi da wani mutum a Kano mai kai marasa lafiya ƙasar waje, ya tura masa hoton bayan ta waya, mutumin ya ce ƙaramin abu ne a wurinsu.

"Aiki ɗaya ne, Inna. Su ɗinke wurin, yaron ga ya miƙe."

Inna ta yi sujada a nan kan tabarma. Baban Mufida ya rufe ido da hannu, kafaɗunsa suna rawa.

Na tashi na ce zan duba tukunya. Babu komai a kan wuta.

Akwai maganar da likita ya yi mini a baranda ranar sallama, lokacin Yaya ya fita neman mota. Ni kaɗai ce a wurin. Ba yau zan rubuta ta ba.

Juma'a, 3 ga Oktoba, da yamma

An yi sanarwa a masallaci. Yaya ya ce har waɗanda ba su san shi ba sun sa hannu a aljihu. Mata sun cika gidan, an kawo gero, an kawo sabulu, wata ta kawo zannuwan gado na aurenta. Kowace in za ta fita sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ki yi haƙuri, Mutmainna, kwana nawa ne ya tashi."

Ina cewa amin.

Lahadi, 5 ga Oktoba, bayan Azahar

Ranar kasuwa, direbobi sun shigo gari. Abbas, abokin Baban Mufida na Maraɗi, ya zo da sefa, kuɗin Nijar, a ɗaure cikin leda, ya ce mutanen tasharsu ne suka haɗa, har wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, da suka sha faɗa da shi ya sa nasa. Ya zauna a bakin katifa ya ce, "Kamyonka, babbar motar nan taka, na nan na jiranka, ba mu bari kowa ya zauna kujerar."

Yaya ya ce a yi bidiyo tun da ga mutane. Na sa wa Baban Mufida farar riga, na ja zane na rufe robar fitsari da jakarta. Aka tokare shi da filo. Ya kalli wayar ya yi magana kamar yana bakin tasha. Ya ce duk wanda ya taimaka, in ya tashi, kayansa kyauta zai kai masa Maraɗi, ko da jaki ne zai sa shi gaban mota. Ɗakin ya kwashe da dariya.

Sai Yaya ya juyo da wayar kaina. "Amarya, faɗi wani abu." Haka yake kirana tun ranar da aka kawo ni gidan nan, har yanzu da Mufida ta shiga firamare.

Na ce, "Allah ya saka wa kowa da alheri. Allah ya tashi kafaɗunsa."

Ba ƙarya na yi ba. Na maimaita wa kaina haka ina wanke-wanke. Addu'a ce na yi, ba ƙarya ba ce.

Litinin, 6 ga Oktoba, da hantsi

Juyawa, gogewa, canja famfas, wanki, shanya, juyawa. Fatar ƙugunsa ta fara ja. Ya ce in daina damuwa, na ɗan lokaci ne.

Laraba, 8 ga Oktoba, bayan La'asar

Baba Amatullahi mai fura ta jawo tunkiyarta har ƙofar gida. Tsohuwar nan ba ta da kowa, tunkiyar ce kawai abin da take dubawa. Na ce mata ta bari, an samu da yawa. Ta ɓata rai.

"Lokacin da ƙafata ta kumbura, wa ya riƙa ɗaukata zuwa asibiti yana dawo da ni? Ni ma ina son in ga ranar da zai shigo gidan ga da ƙafarshi. Karɓi igiya, ɗiyata."

Na karɓa. Igiyar da ɗumin hannunta.

Mufida da ƙawayenta sun mai da rubutun ƙyallen waƙa, suna tafi a ƙofar gida. Na fita na daka mata tsawa. Ta tsaya tana kallona, ba ta san laifin da ta yi ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba, bayan Asuba

Na shirya yadda zan fara. Zan ce, Yaya, akwai magana.

Alhamis, da rana

Na ce, "Yaya, akwai magana." Yana kan waya da mutumin Kano, ya ɗaga mini hannu in jira. Na ji mutumin yana cewa a hanzarta da fasfo. Da ya gama ya juyo fuskarsa sai ƙyalli take. Yaya ya rame, ya bar shagonsa na hatsi a hannun maƙwabta, kullum yana bisa mashin daga wannan ƙofa zuwa waccan.

"Mi kika ce, Amarya?"

Na ce famfas ya kusa ƙarewa. Ya ce wannan ba magana ba ce, za a ciro daga asusu.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da yamma

Yau wata baƙuwa ta zo. Doguwa ce, ta manyanta, da ƙwai a ƙwarya da ɗaurin zogale. Ta ce sunanta Zipora, daga Gangara take, tana kawo zogale kasuwa, ta ga ƙyallen a bakin tasha ta tambayi gidan. Kiristoci ne. Mijinta Shawulu ya faɗo daga itacen ɗorawa tun yaransu suna ƙanana, yanzu babbar har ta yi aure. Tun ranar bai sake taka ƙasa ba.

Ba ta yi kuka ba kamar sauran mata. Ta gaishe shi, ta nemi izini ta ɗaga zanen ta dubi dugaduginsa. Ta ce in riƙa sa filo tsakanin gwiwoyinsa, in shafa man kaɗe, kada in bar ko ɗan ninkin zane a ƙarƙashinsa. Mun juya shi tare. Hannayenta kamar na namiji. Tun da abin nan ya faru, yau ne na ji ba ni kaɗai ba ce a duniya.

Na raka ta zaure. Ta tsaya tana gyara ƙwaryar da ba ta da abin gyarawa.

"Maman Mufida, da gaske akwai inda ake ɗinke abin nan?"

Na ce, "Haka suka ce."

"Mu lokacinmu ba a gaya muna ba. Cewa aka yi mu koma gida." Ta ɗago ta dube ni. "Ko da ya daɗe, suna yi?"

Na ce ban sani ba. Ta tafi tana waiwayen gidan.

Litinin, 13 ga Oktoba, da safe

Haka suka ce. Abin da na ce mata ke nan.

Laraba, 15 ga Oktoba, bayan Azahar

Bari in rubuta wannan ko da ban rubuta wancan ba.

Ranar farko don Inna na yi shiru, da sujadar nan tata. Wannan gaskiya ne. Amma yanzu ba don Inna ba ne kaɗai. A asibiti gadon da ke kusa da namu wani magini ne, shi ma karayar baya. Matarsa kaɗai ke zuwa. Ta ce mini da farko ɗakin ba ya ɗaukar mutane, da aka ji ba tashi zai yi ba sai ƙafa ta ɗauke, har 'yan'uwansa. Ta ce mutane suna son su taimaki wanda zai warke.

Gidanmu cike yake. Ana kawo tuwo, ana kama mini ɗagawa, famfas bai taɓa yankewa ba. Ina tsoron ranar da zan leƙa zaure in ga babu takalmin kowa.

Shi ke nan. Na rubuta. Ban ji sauƙi ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da yamma

Ya ce in matsa masa babban yatsan ƙafa, yana jin kamar wani abu na tafiya a ciki. Na matsa, idonsa a rufe. Ya ce, "Kin fara?" Na riga na saki.

Na ce, "Yanzu zan fara."

Lahadi, 19 ga Oktoba, bayan La'asar

Zipora ta dawo. Yau da sabon ɗankwali, tana murmushi tun daga ƙofa. Ta ce sun zauna da 'ya'yanta. Za su sayar da shanun huɗa, in bai isa ba su jinginar da gonar bakin rafi. Fastonsu ya ce za a yi baiko na musamman a coci, wato a tara musu kuɗin taimako. Dillali zai zo ganin shanun kafin kasuwa mai zuwa.

"In naku ya tafi ya dawo, namu ya bi. Ki taimake ni da lambar mutumin Kano."

Inna tana zaune, Baban Mufida yana ji. Shi ne ma ya ce, "Ba ta mana, Mutmainna. Tana cikin wayata."

Na karanto mata lambar. Ta sa na maimaita don kada ta yi kuskure. Na maimaita.

Litinin, 20 ga Oktoba, da hantsi

Ban ci komai ba tun jiya. Inna ta ce ko ciki ne.

Talata, 21 ga Oktoba, gab da Magariba

Na je Gangara.

Na ce wa Inna zan je karɓo man kaɗe. Na roƙi maƙwabciyata Sa'adiyya ta zauna da su. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni a mashin ya ce sai dai mu je mu dawo da rana tsaka, hanyar nan ba a yin yamma a kanta. Ko'ina an girbe gero, dammuna jingine a bakin gonaki.

Gidansu na ƙarshen gari. Shanun na gani da farko, ɗaure a gindin bishiyar bedi, farare, sun sha kiwo. Shawulu yana kwance a rumfa a kan gadon kara, yana tufkar igiya, ya maƙale bakinta a jikin ginshiƙi. Ƙafafunsa sun zama kamar sanduna. An yi masa aski sabo. Ya amsa gaisuwata da fara'a, ya ce ya ga bidiyon maigidana, mutum ne mai ban dariya.

Na ja Zipora bayan rumbu. Abin da na gaya mata shi ne abin da likita ya gaya mini, don haka bari in rubuta shi sau ɗaya.

Likitan ya ce lakar bayan ta tsinke gaba ɗaya. Ya ce ƙashin sun gyara, amma laka ba a ɗinke ta, ba a nan ba, ba a ko'ina ba. Ya ce akwai masu bincike a duniya da suke ta ƙoƙari a kai, yana fatan wata rana su dace, amma yau babu asibitin da zai sa mijina ya taka. Ya ce za a zo muku da alkawura, ku kiyaye dukiyarku. Abin da zai raya shi katifa ce mai kyau, da keken marasa lafiya, da tsabta, da juyawa, da gashin ƙashi don kada gaɓoɓi su ƙage. Ya ce in gaya wa mazan gidan su dawo ya yi musu bayani. Na ce to.

Zipora ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun kafin mu dawo gida."

"Ranar da na fara zuwa kin sani."

"Na sani."

"Shekaranjiya da kika karanto mini lamba."

Ta dubi rumfar.

"Na riga na gaya mishi," ta ce. "Shekara da shekaru bai tambayi takalminshi ba. Jiya ya ce in duba ko yana nan."

Na durƙusa, ban san lokacin da na yi ba. Ta ce in tashi, ba ita zan durƙusa wa ba. Ashe muryarmu tana kaiwa rumfar. Muka ji Shawulu ya ce, "Zipora, ba baƙuwa ruwa, ta sha rana."

Ta kawo ruwan ta ajiye a ƙasa, ba ta miƙo mini ba. Da zan tafi na yi masa sallama. Ya ajiye igiyar, yana kallon jinkar rumfa. Ya ce, "Ki gaida maigida." Ba wanda ya raka ni.

Laraba, 22 ga Oktoba, bayan Azahar

Na gaya masa. Na jira Inna ta tafi barka, na rufe ƙofa, na zauna inda zai ga fuskata.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi da na fi so. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Sake faɗin na farkon." Na sake. Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa.

"Kina tsaye na yi wa mutane alkawarin kai kaya Maraɗi."

"Ina tsaye."

"Ke kika sa mini rigar."

Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Bayana ne, Mutmainna. Ba naki ba, ba na Yaya ba. Ni ya kamata in fara ji." Sai ya kama bakin katifa yana son ya juya wa bango, ya kasa. Na miƙa hannu, ya ce in bari. Ya yi ta fama har gumi ya jiƙa shi. A ƙarshe fuskar kaɗai ya iya kawarwa.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da safe

Yana bari in goge shi don ba yadda zai yi. Idonsa a rufe har in gama.

Alhamis, da La'asar

Shi ya gaya wa Yaya da bakinsa. Yaya ya fito tsakar gida ya same ni ina shanya.

"Likita Allah ne? Mutum nawa aka ce ba su tashi, suka tashi?" Sai muryarsa ta sauka. "Na riga na tura wa mutumin kafin alƙalami. Kuɗin mutane, Amarya. Da wane ido zan shiga tasha?"

Inna ta ji. Ta kwashe kwanonta daga cikin nawa.

Asabar, 25 ga Oktoba, bayan Magariba

Yaya da Abbas sun je Katsina sun ga likitan. Sun kuma nuna hoton bayan ga wani likita daban. Yaya ya dawo ya zauna a zaure da hularsa a gwiwa, abincinsa ya huce a gabansa. Mutumin Kano har yanzu cewa yake a cika sauran, da aka ce ya rubuta alkawarin tafiyar a takarda sai ya ce layi ba kyau.

Na ji su a ɗaki. Yaya yana cewa a bar ƙyallen, a ce an ɗaga tafiya, a sayi keke da katifa a hankali, ba wanda zai ce an ci. "In ka faɗa, Badaru, wa zai ba da kuɗin famfas? Mutane ba su ba da sadaka don famfas."

Abin da na yi ta gaya wa kaina ke nan. Da na ji shi a bakin wani, sai na ji kamar in nutse.

Baban Mufida ya ce, "Akwai tunkiyar Baba Amatullahi a ciki, Yaya."

Lahadi, 26 ga Oktoba, da rana

Ya yi saƙon murya zuwa ga direbobi. Ya ce Abbas ya riƙe masa wayar, ba ni ba. Ina bakin murhu ina ji.

Ya yi sallama, ya yi godiya. Ya ce ba zai taka ba, sai dai in Allah ya yi wani ikonsa. Ya ce tafiya waje babu ita. Ya ce wani ɓangare ya riga ya tafi hannun mutumin da ba a da tabbacin zai dawo da shi, laifin gidansu ne, ba na ƙungiya ba. Duk wanda ya bayar don tafiyar yana son abinsa, ya zo, ba kunya, haƙƙinsa ne. Wanda ya bari, a katifa da keke da famfas za a sa. Ya faɗi kalmar famfas ɗin a fili, muryarsa ba ta yi rawa ba. Ya ce alkawarin kai kaya Maraɗi kuma a yafe masa.

Sai ya ce, "Bayanin likita daga baya ya iso gare mu."

Daga baya ya iso gare mu. Bai ambace ni ba. Abbas ya fito ya wuce ni, ya gaishe ni kamar kullum. Ya sani.

Talata, 28 ga Oktoba, da hantsi

An sauke ƙyallen. Yaya ya kawo shi a naɗe ya tura bayan randa.

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan La'asar

Wasu sun zo sun karɓi nasu. Ban ga laifinsu ba. Wani mai sayar da fetur ya tsaya a ƙofar gida yana cewa an yi wasa da hankalin gari. Yaya ya tsaya ya sha maganar. Yau ya kira ni Mutmainna.

Na je gidan Baba Amatullahi in ce za a biya ta tunkiyarta. Tana dama fura. Na fara bayani ta ce ta ji.

"To ba ya tashi. Ya daina cin abinci ne? Tafi ki ba ni wuri." Da na juya ta ce, "An ce ke kika fara sani." Na tsaya. Ban san wa ya faɗa ba. Ta ce, "Ba ki kyauta ba, ɗiyata." Ta ci gaba da damunta.

A hanyar dawowa na bi ta lungu.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da safe

Takalma a zaure sun ragu sosai. Na Abbas, na Yaya, na liman wani lokaci. Sa'adiyya tana shigowa kullum da hantsi mu ɗaga shi. Ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Litinin, 3 ga Nuwamba, bayan Azahar

Abbas ya kawo keke daga Maraɗi, na hannu ne amma da ƙarfinsa. Ƙungiya ta zauna, waɗanda suka bar nasu sun yarda a ci gaba da asusun, amma a canja masa manufa. Duk ranar kasuwa mai lodi zai jefa abin da ya samu, don kula da duk wanda ya samu irin wannan. Ba yawa, in ji Yaya. Ba kamar da ba.

Baban Mufida ya ce a sayi katifa biyu, ɗaya a kai Gangara. Abbas yake gaya wa, ni ina share ɗakin. Har yanzu in zai yi magana da ni, sai dai ya yi ta da wani ina ji.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da yamma

Abbas ya kai katifar. Ya ce shanun suna nan, ba a sayar ba. Ya ce Shawulu ya ce ba ya karɓar kyautar mutumin da bai taɓa gani ba, sai an kai shi ya gan shi.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, bayan Magariba

Sun zo. Abbas ya ɗauko su a ƙaramar mota, an shimfiɗa Shawulu a baya. Rabonsa da Jibiya, in ji Zipora, tun kafin a yi sabuwar tasha. Maza suka kama shi suka shigo da shi ɗakin Inna, aka kwantar da shi kusa da Baban Mufida. Shawulu ya ce kowa ya fita, maganar maza ce.

Muka zauna a tsakar gida ni da Zipora. Na kawo mata fura. Ta karɓa, ta sha kaɗan. Ba ta yi mini murmushi ba. Ta ce kwana da kwanaki Shawulu bai taɓa igiya ba bayan zuwana, sai shekaranjiya ya ce a jiƙa masa rama. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ina ƙoƙari." Daga nan ta tambayi ƙugun Baban Mufida, na ce jan ya ragu. Ta ce in ci gaba da man kaɗen.

Daga ɗaki muna jin muryar Shawulu, a hankali, ba ta yankewa. Sau ɗaya muka ji dariya, gajeriya. Sun daɗe har Abbas ya fara leƙen rana yana cewa hanya.

Bayan sun tafi na shiga in juya shi. Idonsa a buɗe. Na sa hannu ƙarƙashin kafaɗarsa, sai ya ce, "Mutmainna."

Na tsaya.

"Ya gaya mini komai. Gyambo, zazzaɓi, ranakun da mutum ke zagin mai goge shi. Ya ce matarshi ta tsufa a kan ɗaga shi, bayanta ya lalace, ba ta taɓa kwana wani gari ba." Ya dube ni sosai. "Ba na ɗan lokaci ba ne. Za ki iya?"

Amsar da ake bayarwa tana bakina. Ita ce amsar da kowace mace za ta bayar, ita Inna za ta so ta ji daga bayan labule. Na haɗiye ta.

Na ce, "Ban sani ba. Ina so in iya. Amma ban sani ba."

Ya kawar da ido har na zaci ya koma fushin da yake yi da ni. Sai ya ɗaga hannu ya kama wuyana, yadda zai taimaka mini da nauyin.

"To," ya ce. "Wannan na yarda da shi. Ɗaga."